Me Ya Bambanta Harajin Gwamnati da Na 'Yan Bindiga?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne daga wani ƙauye a jihar Zamfara. A bara, kafin a bar mutanenmu su girbe gero da dawa, sai da aka bi gida-gida aka yi karo-karo, aka kai wa 'yan bindiga kuɗin da suka yanka mana. Ita ma ƙaramar hukuma tana karɓar nata a kasuwa. Wani dattijo ya ce shi bai ga bambanci ba, duk fin ƙarfi ne. A ilimin siyasa, mene ne ya ba gwamnati haƙƙin a yi mata biyayya wanda ɗan bindiga ba shi da shi?

Amsa: Allah ya kawo muku ƙarshen wannan masifa, ya mayar muku da alheri. Maganar dattijon nan ba abin rainawa ba ce, domin ta daɗe tana hana masana barci. Augustine, malamin Kirista da ya rasu a shekarar 430 a garin da ake kira Annaba yau a Aljeriya, ya kawo labarin wani ɗan fashin teku da aka gurfanar gaban sarki Iskandar na Makidoniya. Da sarkin ya tambaye shi dalilin da ya addabi teku, sai ya ce aikinsu ɗaya ne, illa shi da ɗan kwalekwale yake yi ake ce masa ɓarawo, Iskandar kuwa da rundunar jiragen ruwa yake yi ake ce masa sarki. Augustine ya yanke cewa daular da aka cire mata adalci babbar ƙungiyar 'yan fashi ce kawai.

A 1993 masanin tattalin arziki na Amurka, Mancur Olson, ya bayyana abin da ku kuke gani da idanunku. Ya ce ɗan fashin da ke yawo yakan kwashe komai ya ƙone saura, amma wanda ya yi zaune a wuri ɗaya yakan gane cewa idan ya share rumbu tas, baɗi ba wanda zai yi shuka, don haka sai ya yanka kaso, ya kuma hana wasu ɓarayin taɓa gonar da yake ci. A ganinsa, daga nan dauloli da yawa suka samo asali. Ke nan dattijonku ya riƙe rabin gaskiya, kuma ban ga amfanin ɓoye masa hakan ba.

Amsa ta farko da aka bayar ita ce ta kariya. Thomas Hobbes, masanin falsafa ɗan Ingila, ya rayu a zamanin yaƙin basasar Ingila, wanda a cikinsa aka sare kan sarki Charles na ɗaya a 1649, kuma a littafin da ya fitar a 1651 ya ce idan babu hukuma rayuwa takan zama zaman kashin dankali, ba mai noma da kwanciyar hankali, ba mai barci da ido biyu rufe. Saboda haka mutane suka miƙa ƙarfinsu ga shugaba ɗaya, kuma biyayyarsu tana nan ne muddin yana iya kare su. Wannan amsa tana da nauyi, amma a ƙauyenku take nuna rauninta, domin ɗan bindiga ma zai ce ai yana ba ku kariya. John Locke, shi ma masanin falsafa ɗan Ingila, ya ga wannan giɓi a 1689, ya ce bai wa mutum ɗaya iko marar iyaka don tsoron maƙwabta daidai yake da abin da mu za mu kira gudun gara a faɗa gidan zago. A wurinsa hukuma amana ce da jama'a suka bayar, ba ta da ikon ɗaukar dukiyar kowa sai da yardarsu ko ta wakilansu, kuma idan ta ci amanar suna da haƙƙin sauke ta.

Max Weber, masanin zamantakewa ɗan ƙasar Jamus, ya fassara ƙasa a 1919 da cewa ita ce ƙungiyar da ta yi nasarar keɓe wa kanta halattaccen amfani da ƙarfi a cikin iyakokinta. Kalmar halacci ce ke ɗauke da nauyin maganar. Ya ce mutane kan yarda da mulki saboda gado da al'ada, ko saboda kwarjinin shugaba, ko saboda doka rubutacciya. Ka auna da wannan: da a ce yau bindigar ta ɓace, mutum nawa a ƙauyenku zai kai kuɗin gobe? Ba ko ɗaya. Amma hakimi nagari ko alƙali adali, ana bin maganarsa ko da babu dogari a bayansa.

Ba sai mun je Turai ba kafin mu ji wannan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya soki sarakunan Hausa na zamaninsa kan karɓe-karɓen da shari'a ba ta ɗora wa talaka ba, irin su jangali da gaisuwa, kuma a Bayanu Wujubil Hijra na 1806 ya kawo maganar nan da ke cewa mulki yana ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci. Sarakunan nan suna da gado, suna da ganuwa da dawakai da mayaƙa, duk da haka suka rasa zukatan talakawansu. Tun kafin nan, a 1377, masanin tarihi Ibn Khaldun ya bayyana yadda abin ke aiki: idan manomi da ɗan kasuwa suka tabbata za a ƙwace abin da suka samu, sai hannunsu ya yi sanyi, noma da ciniki su ja baya, baitulmali ya bushe, daular ta rushe daga cikinta.

A nawa ganin, bambancin yana cikin ɗan rasit ɗin nan da ake yaga maka a kasuwa. Takardar tana nufin cewa akwai dokar da ta ƙayyade kuɗin tun kafin ka zo, cewa dokar ta hau kan mai karɓa kamar yadda ta hau kanka, cewa akwai asusun da za a iya bincika, da kotun da za ka kai ƙara, da ranar zaɓen da za ka ƙi wanda ya ci amanarka. Ɗan bindiga kuwa abin da ya faɗa da safe shi ne doka, yana iya ninka shi da yamma bayan kun biya, babu kuma wurin kai kuka. Kariyar da yake sayar muku ma daga sharrin kansa ce. Sai dai ma'aunin nan yana hawa kan jami'an gwamnati su ma. Duk ma'aikacin da ya tare hanya ya karɓi kuɗi ba rasit ya zuba a aljihu, to a wannan lokaci ya tsallaka ɓangaren 'yan fashi, komai kyan kakin da ke jikinsa.

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya amince da wannan alkawari. Sashe na 14 ya ce mulki na jama'a ne, daga gare su gwamnati ke samun ikonta, kuma tsaronsu da jin daɗinsu su ne babban dalilin kafa ta. Abin takaici, sashe na 6 ya hana kotu tilasta aiwatar da babin da wannan magana take ciki, don haka neman haƙƙin ya koma kan ƙuri'a da majalisa da matsin lambar jama'a. Gwamnatin da ta bar manomi yana sayen izinin shiga gonar ubansa ta zubar da wani ɓangare na halaccinta, kuma ba rashin ɗa'a ba ne a faɗa mata haka. Amma abin da ta zubar bai koma hannun ɗan bindiga ba, kuma kuɗin da mutanenku suka biya don tsira da rai ba mubaya'a ba ce. Ka gaya wa dattijon cewa ƙaramar hukumar da ke karɓar kuɗinsa yana binta bashin tsaro, kuma yana da cikakken haƙƙin ya tambayi kansilansa da ɗan majalisarsa, a gaban jama'a, ranar da za a biya shi.