Baffansu zai kawo musu gem, ni kuma na rasa kyautar da za ta raba su da waya

Assalamu alaikum Gwaggo, ya aiki, ya jama'a? Ni matar aure ce, muna zaune a Agege. Ina da 'yan biyu maza da za su cika shekara 10 a ƙarshen wata mai kamawa, sai ƙanwarsu da nake goyo. Gwaggo, waya ta ƙwace min yara, wallahi ta ƙwace su. An dawo daga boko, ko jaka ba a sauke ba, "Mama ina wayar?" An taso Islamiyya, "Mama ina wayar?" Guda ɗaya ce, tsohuwar tawa mai tsagaggen gilashi, a kanta ake dambe kullum. Wannan ya ce lokacin ɗan'uwansa ya cika, wancan ya ce sai an kashe shi tukuna. Wani wasan harbe-harbe ne wai Free Fire, in data ta ƙare su koma na ƙwallo. Abinci ya huce a gabansu. Sai na yi ta kira kafin ɗaya ya ɗago, shi ma da "na'am" ta fatar baki. Babban har ya fara ajiye tumbi, ƙaramin kuma ƙanƙance ido yake yi in zai duba nesa, malaminsu ya dawo da shi layin gaba. Da daddare na sha farkawa in ga haske a ƙarƙashin zanen rufarsu.

Abin da ya sa na rubuto miki shi ne baffansu, ƙanin maigidana, mai sayar da waya a Computer Village. Ya zo ya yi musu alkawari wai ranar bazde ɗinsu zai kawo musu PlayStation, na'urar gem ɗin nan da ake jonawa da talabijin. A gabana fa, Gwaggo, ina zaune ina tsince shinkafa, ko kallona bai yi ba balle ya tambaye ni. Tun ranar ba su da zance sai wannan, har kwanaki suke ƙirgawa a jikin kalanda. Na yi wa maigida magana ya ce ni dai ba na son alheri in daga danginsa ya fito. Shi me ya sani? Kafin asuba ya kama hanyar Mile 12 wurin kayan gwari, sai bayan isha'i, ya ci tuwo, ya ɗauki tasa wayar yana TikTok har barci ya sace shi. Ni ce da su. Ni nake shan ihun, ni nake raba faɗan, amma ba ni da ta cewa a kan abin da zai shigo ɗakina. Hajiyarsu kuma daga gida ta aiko wai bazde bidi'a ne, alhali ni ban ce za a yi kiɗa ko taro ba.

Da ba haka suke ba. Har ƙwallo suna da ita, tun da ta fasa tagar mai gidan hayarmu aka sa muka biya na ɗora ta saman wadirob, na kuma hana su fita, kin dai san Legas, ga 'yan acaɓa ga 'yan iskan unguwa ga layin dogo. Amma ba wannan ce damuwata ba. Damuwata baffansu ne da abin da zai kawo. Mutum ya zo gidanka ya yi wa 'ya'yanka alkawari kamar ba ka wurin? In na hana, ni ce muguwa a wurin yaran da dangin miji. In na bari, na san ko sallah sai da bulala.

Ina da ɗan kuɗin adashe da zan kwasa. Don Allah Gwaggo me zan saya musu da zai fi gem ɗin nan a idonsu, ya sa su motsa jiki? Keke? Ko me? Na gode.

Uwar 'yan biyu, Agege

*

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya raya miki zuri'a. Ni ba na shiga tsakanin mace da dangin mijinta, kuma a yau ma ba bayan kowa zan bi ba. Zancen bazde ki kai wa malamai, ba fagena ba ne; ba wa ɗa kyauta dai babu ranar da aka hana.

To amma zo nan. Kin cika min takarda da baffansu, sannan a tsakiya kika wurgo wata magana kika wuce da sauri, har da cewa ba ita ce damuwarki ba. Ita ce kuwa. Kin ɗora ƙwallo a saman wadirob, kin rufe ƙofa, kin miƙa musu waya don su zauna shiru. Yara maza biyu masu jini a jika, a ɗaki da falo, an hana su tsakar gida an hana su layi, me kike so su yi, saƙa? Laifi tudu ne, 'yata. Ba wayar ce ta shigo ta ƙwace su ba, ke kika ɗauke ta aikin raino saboda gilashin taga guda ɗaya. Ban raina tsoronki ba, na san yadda titin Agege yake daga Pen Cinema zuwa bakin layin dogo. Sai dai maganin wannan tsoron shi ne babba ya raka su, kullewa ba ta magance komai ba, ga tumbi ga ido kin lissafo da bakinki.

Ki fara da idon ƙaramin. Yaron da yake ƙanƙance ido har aka matso da shi gaban allo, likitan ido yake buƙata a wannan satin, kada ki jira bazde. Likitoci sun tabbatar cewa zama cikin ɗaki da ƙura wa abu ido kusa-kusa na da hannu a ciwon rashin hangen nesa, wasa a waje cikin hasken rana kuwa yana rage haɗarinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 kullum na motsa jikin da zai sa shi haki. Ki lissafa na naki ki gani.

Yanzu kyauta. Ki cire wa ranki cewa akwai abin da za ki saya ya doke PlayStation a idon ɗan shekara 10 a ranar da aka buɗe kwali. Babu. Masu ƙera wasannin nan sun zauna ne sun tsara su don kada a ajiye: kyautar shiga ta kullum, matakin da saura kaɗan ka haye, abokai suna jiranka. Abin da yake kayar da su shi ne wasan da ake yi da mutum, kuma Allah ya hutar da ke, kowannensu an haife shi da abokin karawarsa.

Da ni ce ke, ƙwallon tebur zan saya. Faifan bugawa huɗu, ƙwallaye kwali guda, da ragar da ake maƙalawa. Ba sai kin sayi teburin kanti ba, kafinta zai yanka miki falankin filawud a ɗora kan benci biyu, a jingine shi a bango in an gama. Ƙwallon ba ta da nauyin fasa tagar kowa, tana shiga lungun gidan haya, kuma kafin sati biyu 'ya'yan maƙwabta za su yi layi, wanda aka ci ya fita. Wasan Legas ne tun fil azal. Funke Oshonaike, gwanar ƙwallon tebur, daga unguwar Somolu ta taso, ta je gasar Olamfik har sau 7. Ki haɗa musu da igiyar tsalle ɗaya-ɗaya, ki ce musu da ita 'yan dambe suke atisaye, don kada su ce ta mata ce.

Keke kuwa ki dakata. 'Yan biyu ba a saya musu keke ɗaya sai in sabon filin dambe kike nema, biyu da hulunan kwano kuma sun fi ƙarfin adashe, sannan a ina za su tuƙa? Ƙwallon ƙafa dai tilas ta sauko. In ta sace a sayi famfo da allurarsa, in ta lalace a sayi mai lamba 4, ita ce daidai ƙafarsu, lamba 5 ta manya ce. A kafa doka: ba a buga ta a tsakar gida. Ga filin wasa na Agege a kusa da ku, ga filayen makarantu inda kociyoyi ke horar da yara da safiyar Asabar. Ki sa a bincika miki wanda iyaye suka yarda da shi, babba ya tsaya a wurin har a tashi. Victor Osimhen da suke ɗauka a gem, a unguwar Olusosun ta Legas ya tashi yana tallar ruwan leda a cikin gosulo, kuma a 2023 aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Ki gaya musu da ƙafa ya buga tasa.

Bari in juya ga iyaye maza masu karanta shafin nan, don na san kuna leƙowa. Kun mayar da tarbiyya aikin mata, ku naku kuɗin cefane da faɗa. Mu da muka tashi a Arewa, yaro yana fita ya tarar da langa da gare-gare da kokawa a dandali, unguwa ce take rainonsa. A Legas babu dandali, in uba bai kama hannun ɗansa ya kai shi fili ba, babu mai kai shi. Mutumin da yake da ƙarfin kallon TikTok har tsakar dare bai isa ya ce ba shi da awa biyu a sati ba. Kasuwa ba ta taɓa tashi don mutum ɗaya ya makara ranar Lahadi. Ku kai su filin shaƙatawa na JJT da ke Alausa su yi gudu a kan ciyawa, ku nema musu mai koyar da iyo, tunda garin ruwa kuke zaune. Kuma ba za ka hana ɗa abin da yake gani a hannunka ba. Wayar kowa ta kwana a falo, har da ta maigida.

Saura baffansu. Ya yi kuskure, ba a yi wa yaro alkawarin abin da zai zauna a ɗakin uwarsa ba tare da an shawarce ta ba. Amma ba maƙiyinki ba ne, abin da yake sayarwa shi ya sani. Kada ki tare shi da kanki, kuma kada ki sake buɗe zancen da "ƙaninka ya yi". Ki jira maigida ya ci ya ƙoshi, ki fara da maganar idon yaron da abin da malami ya faɗa, ki bar shi ya kira ɗan'uwansa. A roƙe shi ya juya kuɗin zuwa takalman ƙwallo, riguna da kuɗin koci, a ce wa yaran daga baffansu ne, girmansa bai faɗi ba. In ya dage sai gem, to a ajiye shi a gidansa, su riƙa zuwa bugawa lokacin hutu. Za su yi kuka, za su yi miki gaba na 'yan kwanaki, wataƙila har su kai ƙararki wurin Hajiya. Ki daure, kada ki mayar musu da wayar don a samu shiru.

Gwaggo