Mita ta nuna wat 940 maimakon 1000: na'ura ta lalace ke nan?

Tambaya: Ina kula da na'urar watsa shirye-shirye a wani gidan rediyon FM a Garwa. An rubuta wat 1000 a jikinta, amma mitar Bird 43, mai auna ƙarfin wutar da na'urar ke fitarwa, tana nuna 940. Mai gidan ya ce na'urar ta fara mutuwa. Haka ne?

Amsa: Malam, kafin a tuhumi na'ura, sai a fara tambayar mitar iya gaskiyar da za ta iya faɗa, domin kowane awo yana ɗauke da rashin tabbas. Kuskuren Bird 43 yana kaiwa kashi 5 cikin 100 na ƙarshen ma'auninta, ba na abin da allura ta nuna ba. Idan ƙwayar da ka sa, wato ɗan abin da ake cusa wa mitar don zaɓar iyakar awonta, ta wat 1000 ce, kuskuren wat 50 ne sama ko ƙasa; da ta 2500 ce, da ya kai 125, shi ya sa ba na son babbar ƙwaya a ƙaramin awo.

Sai wutar da eriya ke mayarwa. Idan VSWR, wato ma'aunin rashin dacewar eriya da na'ura, wanda masu Faransanci ke kira ROS, ya kai 1.5, kashi 4 na wutar yana dawowa, kuma mita ba ta iya raba mai tafiya da mai dawowa sarai, abin da kan ƙara kuskuren kusan kashi 2. Ka kuma auna sau biyar ka ga yadda allurar ke yawo. Mu ƙaddara kashi 1 ne.

Ba a tara waɗannan kai tsaye. Bisa GUM ta 1993, wato ƙa'idar duniya ta lissafa rashin tabbas na awo, wat 50 cikin 940 kashi 5.3 ne, a raba da 1.73 ya zama 3.1, kashi 2 na eriya a raba da 1.41 ya zama kusan 1.4, kashi 1 na yawon allura kuma a bar shi yadda yake. A ninka kowanne da kansa, a haɗa, a ɗauki tushen jimlar, za a samu kusan kashi 3.5, sannan a ninka da 2 don tabbacin kashi 95 cikin 100. Ke nan awonka 940 ne da ragi ko ƙarin kusan wat 66, kuma 1000 tana ciki.

Ban sa zafin Garwa na Maris da Afrilu a lissafin ba, alhali yakan haura digiri 40, kuma ba a irinsa aka daidaita mitar ba. Ka sake awon da sassafe, ka cire eriya ka sa mazubin gwaji mai ohm 50, wato abin da ke shanye wutar a madadin eriya, ka rubuta sakamakon kowane mako. Idan lambar tana ta sauka da mita ɗaya da ƙwaya ɗaya, a nan ne za ka buɗe na'urar.