Tambaya da Amsa: An Cire Wayar Ƙararrawar Tanki, An Ce Babu Komai

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aiki a wata masana'antar haɗa sinadarai, kuma watanni uku ke nan da aka ba ni shugabancin masu aikin dare. A bakin ƙofarmu akwai allon da ke nuna cewa mun haura shekara guda babu wanda ya ji rauni, kuma kowa yana sa hular kwano da safar hannu da tabarau. Sai dai na tarar an cire wayar ƙararrawar da ke sanar da cikar wani tanki, wai don ta cika kuka ba gaira ba dalili. Da na yi magana, tsofaffin ma'aikata suka ce haka take shekara da shekaru. Shin ina da hujjar kai maganar gaba, ko kuwa zaƙewa ce irin ta sabon shiga?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Kana da hujja ƙwarai, kuma wannan waya ta fi damuna a kan duk abin da ka lissafa.

Allon bakin ƙofa yana ƙirga wanda ya zame ya faɗi, da wanda ƙarfe ya yanka, da wanda sinadari ya fantsamar masa a hannu. Abu ne mai kyau, amma ba ya faɗar komai game da abin da ke faruwa a cikin tanki da bututu, inda haɗarin da ke hallaka mutane da yawa a lokaci guda yake kwance. A watan Maris na 2005, matatar man BP da ke Texas City a Amurka ta yi bindiga, mutum 15 suka rasu. Masu bincike sun gano cewa ƙarancin raunukan yau da kullum ya kwantar wa shugabanni da hankali, alhali na'urori suna lalacewa. A ranar kuwa an cika wata hasumiyar tace mai fiye da ƙima, kuma ɗaya daga cikin ƙararrawar da ya kamata ta yi gargaɗi ba ta buga ba. Haka ma a Bhopal ta ƙasar Indiya, a daren 2 zuwa 3 ga Disamba 1984, ruwa ya shiga tankin wani sinadari mai guba, methyl isocyanate, a masana'antar Union Carbide, a daidai lokacin da na'urar sanyaya tankin take a kashe, hasumiyar ƙone iskar gas kuma ba ta aiki. Dubban mutane suka mutu, akasarinsu mazauna unguwannin kewaye da suke barci.

Ƙararrawar da ta cika kuka, ɗayan biyu ne: ko ta lalace a gyara ta, ko kuwa gaskiya take faɗa, tankin yana yawan kaiwa maƙura. Cire waya bai warware ko ɗaya ba, ya dai sa an daina ji. Maganar cewa an daɗe a haka babu abin da ya faru ita ce ta fi saurin ruɗar mutum, domin yau da gobe takan sa ido ya saba da ɓarna har ya ɗauke ta daidai.

Kada ka mayar da wayar da hannunka cikin dare, domin ba ka san abin da ke haɗe da ita ba. Ka rubuta abin da ka gani a littafin miƙa aiki, da lambar tankin da kwanan wata, sannan ka kai rahoto a rubuce ga jami'in kula da kariya da injiniyan na'urori, ka nemi a gwada ta. Idan dole ne ta zauna a kashe kafin gyara, ƙa'ida ita ce a ba da izini a rubuce mai ɗauke da sa hannu da wa'adi, a rataya mata alama, a kuma sa wani ya riƙa duba cikar tankin a lokutan da aka ƙayyade. Na nanata batun rubutu ne saboda abin da ya auku a dandamalin haƙar mai na Piper Alpha a tekun Birtaniya a 1988: masu aikin rana sun cire bawul ɗin kariya na wani famfo, labarin bai isa ga masu aikin dare ba, suka kunna famfon, mutum 167 suka rasa rayukansu.

Ka kuma nemi takardar bayanin haɗari ta sinadarin da ke cikin tankin. Sassa 16 gare ta. Na 7 yana bayanin ajiya, na 10 kuma yana faɗar abubuwan da bai kamata su haɗu da shi ba. Yarjejeniya ta 170 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1990, ta tanadi cewa ma'aikaci yana da haƙƙin samun wannan bayani, da haƙƙin janye jikinsa daga haɗarin da ke gab da aukuwa, ya sanar da na gaba da shi nan take.

Su kuwa dattawan aikin, kada ka tunkare su da zargi. Wataƙila sun sha kai kuka ba a saurare su ba, har suka gaji. Ka zauna da su ka tambaye su yaushe ƙararrawar ta fara haka, kuma a wane lokaci ta fi bugawa, ko lokacin lodi ne ko lokacin zafin rana. Amsarsu za ta taimaka wa injiniya matuƙa, sai ka sa ta cikin rahoton.