Barewa ta fi ɓauna wuyar samu da kwari da baka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena da ya yi tambaya kan wace dabba ce ta fi ba maharbi wahala in da kwari da baka ya fita, na ga kusan kowa ya ce maka ɓauna. Ban ƙi ta tasu ba, ɓauna ba abokiyar wasa ba ce. Amma ni da na tashi a gidan maharba, na riƙe wa baffana kwari tun ban kai tsawon bakansa ba, barewa zan ce.

Ka fara sanin kayan aikin. Bakanmu na gargajiya ba ya cin nisa. Kibiyar kyauro ce, ba gashi a gindinta, sai ƙarfen maƙeri mai kunnuwa a kai. Daga taku 20 zuwa 30 ne za ka yi bara da tabbaci, abin da ya wuce nan sa'a ce kawai. Ke nan duk farautar baka sanɗa ce, kuma dabbar da ta fi wuya ita ce wadda ba ta bari ka shigo cikin wannan 'yar tazarar.

To barewa a ina take kiwo? A fili, inda ƙaya take jefi-jefi, ciyawa ba ta kai gwiwa ba. Babu abin da zai rufe ka. Ta sunkuya ta ɗan tsinki ciyawa, kafin ka ɗaga ƙafa ta ɗago kai. In kuwa su huɗu ne ko biyar, ba za ka taɓa samun duk kawunan a ƙasa lokaci ɗaya ba. Wannan ne ya sa maharba suke ɗaura kan burtu. Wanda bai taɓa gani ba: kan tsuntsun ne da dogon bakinsa, a kan wuyan itace da aka naɗe da fata, a ɗaura a goshi, mutum ya yafa baƙin zane ya durƙusa. Namun daji sun saba kiwo tare da burtu, ba sa gudunsa. Sai dai ɗaurawar ba ita ce aikin ba. Sai ka yi tafiyar burtu. Ka matsa kaɗan, ka kai baki ƙasa kamar kana tsattsagar fara, ka karkata gefe, ka tsaya, ka koma baya ma wani lokaci. In ka miƙe mata sambal ta gane ka, don burtu ba shi da wata harka da ita da zai nufe ta kai tsaye. Haka za ka yi ta rarrafe a kan tsidau da ƙarangiya, rana tana dukan baƙin zanen nan, bayanka kamar zai rabu biyu, ba damar ka kori ƙuda daga ido. Baffana yakan ƙulle toka a tsumma ya rataya a wuyan hannu. Kafin ya fara, sai ya ɗan girgiza ya ga inda iska ta kai ta. In iska tana tafiya daga gare shi zuwa gare su, sai ya zagaya ko da zagayen zai ci masa hantsi gaba ɗaya, don kan burtu ido yake yaudara, ba ya yaudarar hanci.

A ce ka isa, ka ja baka. Nan ma akwai sauran magana. Ƙarar tsirkiya tana riga kibiya isa kunnenta, kuma kafin ta yi tsalle sai ta ɗan duƙa. Kibiyar da ka auna tsakiyar haƙarƙari sai ta bi ta saman gadon baya. Shi ya sa tsofaffi suke auna ƙasan ƙirji, kuma ba sa saki in ta kafa kunnuwa tana kallonsu, sai ta mai da kai kiwo.

Ɓauna kuwa, saniyar sake, kusantarta bai kai haka wuya ba. Tana son duhuwa da bakin ruwa, kana da wurin laɓewa, in dai carkin da ke bayanta bai tashi da kuka ya tona ka ba. Matsalarta tana farawa ne bayan kibiya ta fita. Fata mai kauri, haƙarƙari masu faɗi, kibiyar kyauro ba ta nitsewa can ciki. Dafi ne yake aikin, irin wanda ake haɗawa da 'ya'yan wani tsiro da ake kira ƙwanƙwani, wanda yake kama zuciya, kuma a jiki mai girma haka ba nan take yake ci ba. Cikin wannan jiran ne ake rasa mutane, don ɓaunar da ta ji ciwo takan shige sarƙaƙiya ta tsaya tana fuskantar hanyar da ta biyo. Ban taɓa ganin tsohon maharbi ya harbe ta bai riga ya zaɓi bishiyar da zai hau ba. Wannan hatsari ne, na yarda, amma tambayarka wuya ce.

Wanda ya haɗa biyun shi ne gwanki, ba banza ake masa kirari da sha bara ba. Ga ido, ga son fili, ga juriyar gudu da kibiya a jiki har ka gaji da bin sawu. In ka tarar da shi ya durƙusa, kar ka ce ya gama, ƙahonnin nan masu lanƙwasa baya yake jira ya yi aiki da su. Da zan ba wani matsayi na biyu, shi zan ba. Gyado bai kai su ba, ganinsa ba shi da ƙarfi, sai dai kar ka tsaya a bakin raminsa, da baya yake shiga, haure na kallon waje.

Wani ya ambaci cin naman da aka harba da dafi. Abin da na gani a gida shi ne a yi bismilla kafin saki, a yi ƙoƙarin riskarta da rai a yanka, sannan a yanke naman da ke kewaye da wurin kibiyar a binne. Hukuncin kuma na malamai ne.

Sai dai ƙanena, yawancin abin da na lissafa yau sai a gandun daji irin Yankari a Bauchi ko gandun W a Nijar, kuma farauta a can laifi ne, ana kama mutane. Barewa ma ta yi ƙaranci ƙwarai a wuraren da muka san ta da yawa. In kana son ka gwada hannunka, zabon daji ya ishe ka makaranta. Shi ma garke yake yi, ɗaya ta gan ka duk sun ji, kuma rabin abin da kake gani a jikinta gashi ne. Ka auna gindin fiffike, in ba haka ba gashin za ka tsinta.