Me Fada ɗan Poland ke yi a Ingila?

Wani zai tambaya ko aikin Fada, wato limamin Katolika, Misar Lahadi ce kawai, wato babbar ibadarsu a coci. Ina! Tun 1894 Katolikan Poland ke da mishan a Landan, amma aikin ya yi nauyi bayan 2004, da Poland ta shiga Tarayyar Turai, matasa suka kwararo neman aiki. Fada guda kan zagaya garuruwa da mota ranar Lahadi, yana aron cocin mutanen Ingila ya yi Misa da yaren Poland. Tsakiyar mako kuwa asibiti, gidan yari, sulhun ma'aurata, har mayar da gawa gida. Furta zunubi a gaban Fada ma na jan mutane. Ba kowa ke iya buɗe cikinsa da Turanci ba. Asabar ɗin jajiberin Ista, a zo da kwandunan ƙwai da burodi ya sa albarka, coci ta cika maƙil.