Teng ne ko Deng?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Tudun Wada, Kaduna. A wani tsohon littafin Turanci na babana na ga "Teng Hsiao-ping", malaminmu kuma yana rubuta "Deng Xiaoping". Mutum biyu ne?

Amsa: Ɗana, mutum ɗaya ne, wanda ya buɗe tattalin arzikin Sin daga 1978, ya rasu a 1997. Tambayarka ta faranta mini rai, don ni ma na sha wannan ruɗani. Har yau ina da wata tsohuwar mujalla da na saya a Kasuwar Barci, bangonta ya yi ja, a ciki an rubuta Teng, Peking da Mao Tse-tung.

Rubutun Teng da Mao Tse-tung tsarin Wade-Giles ne, wanda Turawan Ingila suka tsara don rubuta Sinanci da haruffan boko; Peking kuwa wani tsohon rubutun Turawa ne daban. Sinawa sun fito da nasu mai suna Pinyin a 1958, kuma a 1979, shekarar da Deng ya ziyarci Amurka, manyan jaridun Turanci suka koma gare shi. Sannu a hankali Peking ma ta zama Beijing.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, Deng sunan gidansu ne, domin Sinawa da shi suke farawa. Kada ka rubuta "Mista Xiaoping", kamar ka kira dattijo da sunan yanka ne. Harafin X kuma kusan "sh" ake furta shi: Shiyau-fin.

A Turanci za ka kuma ci karo da "Dengism", wato aƙidarsa ta haɗa kasuwa da mulkin jam'iyyar Kwaminis. Littafin babanka kuwa, ka adana shi da kyau.