Baƙin kwanso, ƙwaya mai hula: wace bishiya ce wannan?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana ya dawo daga ziyarar makaranta a Yankari da wani kwanso a jakarsa. Baƙi ne, mai faɗi, ga tauri kamar katako, tsawonsa ya ɗan fi tafin hannuna. Ya tsage gida biyu, a ciki ƙwayoyi ne baƙaƙe masu sheƙi a jere, kowace da ɗakinta, kowace kuma da wani abu ruwan lemo a kanta kamar hula. Maƙwabciyata ta ce kirya ce, maigidana ya ce kalgo. Wace bishiya ce, kuma in na shuka za ta fito? Daga wata uwa a Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kawo ne yaron nan ya kawo miki, kuma hular nan ce ta tona asirinsa. A itatuwan dajinmu, kawo ne ke da baƙar ƙwaya mai santsi da hula ruwan lemo ko ja-ja a gindinta, a cikin kwanson da ke buɗewa da kansa idan ya bushe. Wurin da aka tsinto shi ma shaida ne, domin kawo na cikin manyan itatuwan dajin Yankari.

Maƙwabciyarki ba ta yi nisa ba, tunda kwanson kirya ma baƙi-baƙi ne mai tauri. Sai dai nata mulmulalle ne, ba ya tsagewa, sai an sa turmi ko dutse, in kuma kika girgiza shi za ki ji 'ya'yan na kaɗawa a ciki. Na kalgo kuwa ruwan ƙasa ne, shi ma a rufe yake faɗowa, ƙwayoyinsa ƙanana a nutse cikin gari, shi ya sa shanu ke tauna shi gaba ɗaya. Duk wanda ya tsinci kwanso, ya fara da duba ko yana buɗewa da kansa, sannan ya dubi ƙwayar.

Duk da haka ina so ki tambayi yaron ko ya lura da ganyen. Na kawo bibbiyu yake fitowa suna fuskantar juna a kan sanda ɗaya, galibi biyu-biyu sau huɗu ko biyar, masu sheƙi, babu guda tilo a ƙarshen sandar. Ɓawon jikin bishiyar kuma ɓamɓarewa yake yi falle-falle.

Hular nan tana da aiki. Cilakowa da birai ita suke bi, su cinye ta su yar da ƙwayar nesa da uwar, a nan sabon kawo ke tsirowa. Inyamurai suna soya ƙwayar su niƙa su kaurara miya da ita, suna ce mata akparata. Amma ɗanyarta kada ki bari yara su sa a baki.

Masana suna kiransa Afzelia africana, don tunawa da Adam Afzelius, wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin da ya yi aiki a Saliyo a shekarun 1790. Abin da ke damuna shi ne yadda kawo ke ƙarewa a gabanmu. Katakonsa gara ba ta cinsa da sauƙi, don haka masu zarto ba sa ƙyale shi. Da rani makiyaya suna sassare rassansa don shanu, bishiyar da ake yi wa aski kowace shekara kuwa da wuya ta yi 'ya'ya. A Nuwamban 2022, taron CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, da aka yi a Panama, ya sa kawon Afirka cikin itatuwan da sai da izini ake fitar da katakonsu waje.

Saboda haka, don Allah ki shuka. Ki cire hular, ki ɗan kankare gefen ƙwayar da wuƙa ko ki goga ta a siminti har baƙin ya ɗan kau, ki jiƙa ta kwana ɗaya, sannan ki binne ta a leda mai zurfi da ƙasa gauraye da taki, zurfin kamar gaɓar yatsa. Ledar ta yi zurfi sosai, don saiwarsa ƙasa take nufa tun yana ƙarami. Ki dasa shi farkon damina, nesa da gini tunda babbar bishiya ce, ki kuma kewaye shi da ƙaya, in ba haka ba awaki za su riga ki.